LITTAFIN KOWA DA KOWA, IN JI WA?

Waɗanda suka saba karanta littattafaina sun san ni da labaran gida da aure da zaman kishi, to yau babu saurayi babu budurwa. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga in ban amayar da ita ba, ba zan sami sukuni ba. Maganar kuwa ta littattafan nan ce na ƙarfafa zuciya da Kiristocin Amurka da Ingila suke rubutawa, waɗanda ake shimfiɗawa a bakin majami'a ran Lahadi, ko a kantin littattafai, ko a ƙasa a bakin tasha tare da na gwanjo. Kin san su 'yar'uwa, bango mai kyau, hoton itace ko na fitowar rana, mai sayarwa kuma ya ce miki ai wannan na kowa da kowa ne, ko wace majami'a kike zuwa, kai ko ma ba kya zuwa ko'ina. Ni kam ina da su sun fi ashirin a akwati, na kuma ƙaru da su, ba zan ci amanarsu ba. Amma wannan kalma ta "kowa da kowa" ita ce na daina yarda da ita.

Na san da yawa daga cikin masu sayen 'yan littattafan nan namu Musulmi ne, to bari in share musu hanya. Kirista ba miya ɗaya ba ce. Akwai Katolika, akwai Angilikan, akwai Baftis, akwai Lutaran, akwai 'yan Fentikos, ga kuma namu na gida irin su ECWA da COCIN da EYN. Duka sun haɗu a kan Yesu Almasihu, amma da zarar an zo kan baftisma, ko jibin Ubangiji, ko matsayin Maryamu, ko yadda duniya za ta ƙare, sai kowa ya kama gabansa. Kai Littafi Mai Tsarki ma, na Katolika littattafai 73 ne a cikinsa, namu 66. Ku ɗauka wani ya rubuta littafin koyon salla ya ce na kowane Musulmi ne, sai kuka buɗe kuka ga ya tsaya kai da fata a kan ƙabalu, ko a kan sadalu, bai ko ambaci cewa akwai masu yin ɗayan ba. Ai nan take za ku san inda ya fito. To haka abin yake a wajenmu.

Ga yadda idona ya buɗe. Surukata 'yar Katolika ce, tun tana jaririya aka yi mata baftisma. Ni kuwa a ECWA na tashi, sai da na kai shekara goma sha biyar na shiga aji, na amsa tambayoyi, sannan fasto ya nutsar da ni cikin ruwa a gaban jama'a. Gida ɗaya muke zaune, lafiya lau, ita da carbinta ni da littafin waƙoƙina, ba wanda ke taka wani. Da azuminsu na kwana arba'in ya kama, wanda ake yi kafin Ista, sai na ce bari in yi abin kirki. Ina da littafin nan na Rick Warren mai suna The Purpose Driven Life, wato rayuwa mai manufa, wanda ya fito a 2002, aka sayar da shi miliyoyi a duniya. Babi arba'in ne cif, kowace rana babi ɗaya. Na ce kai, wannan kamar don Mama aka yi shi. Ita ba ta jin Turanci, saboda haka kullum bayan an ci tuwon dare sai in zauna kusa da tabarmarta, in karanta in juya mata da Hausa.

Mako biyu muka yi abin gwanin sha'awa. Har akwai daren da marubucin ya kawo labarin wani bawan Allah ɗan Katolika, Brother Lawrence, wanda ya yi zamani a Faransa fiye da shekara ɗari uku da suka wuce, aikinsa girki da wanke-wanke a gidan masu zuhudu, yana kuma hira da Allah yana wanke tukwane. Mama ta yi dariya har da tafawa, ta ce ashe mu mata mun daɗe muna ibada ba mu sani ba. Ta ce wannan Bature ya san abin da yake yi.

Sai rana ta goma sha biyar. Babin yana magana ne a kan zama cikin iyalin Allah, ya gangaro kan baftisma. Abin da ya koyar shi ne, baftisma ba ita ke shigar da mutum cikin iyalin Allah ba, bangaskiya ce kaɗai ke yin haka, baftisma alama ce ta waje, ya kwatanta ta da zoben aure. Ya kuma kwaɗaitar da duk wanda ba a yi wa baftisma a matsayin shaidar bangaskiyarsa ba, da ya je a yi masa ba da ɓata lokaci ba. Ni dai ina ta zuba Hausa, ban ji komai ba.

Mama ta ce, "Tsaya 'yar nan. Sake faɗa mini."

Na sake faɗa.

Ta yi shiru har na zaci barci ne ya ɗauke ta. Can sai ta ce, "To yaron nan nawa fa? Wanda katikis ya zo cikin dare ya zuba wa ruwa a ka, kafin gari ya waye ya cika? Zobe ne kawai aka sa masa? Jariri ɗan wata bakwai, a ina ya samo bangaskiyar?"

Allah ya sani ban taɓa jin labarin yaron nan ba sai a daren nan. Wan maigidana ne, ƙyanda ta ɗauke shi tun kafin a haifi maigidan nawa. Shekara wajen arba'in matar nan tana riƙe da abu ɗaya a zuciyarta, cewa ruwan nan ya riga mutuwa isa, ɗanta ya tafi yana ɗan Allah. Ni kuma na zo da fitila da littafin Bature na ce mata ba haka ba ne. Na soma kame-kame, ina cewa, "Mama, ai mu ma mun yarda jariri in ya mutu yana hannun Allah." Gaskiya ne kuwa, haka aka koya mana, kuma littafin bai ce ɗanta ya hallaka ba. Amma bai ce komai a kan irinsa ba, bai ma san da ita a cikin masu sauraro ba. Ta ce, "Rufe littafin, dare ya yi." Ba mu sake buɗe shi a azumin nan ba.

Laifin nawa ne, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, na taɓa karanta babin nan ni kaɗai, sau biyu ma, ban ga wata ɗarika a ciki ba. Don me? Don abin da aka koya mini ke nan tun ina makarantar Lahadi. Ruwan rijiyar gidanku ba ka jin ɗanɗanonsa, sai baƙo ya kurɓa ya yatsine fuska sannan ka san akwai kanwa a ciki. Ina kyautata zaton shi ma marubucin haka ne, ba mugunta ba ce. A wajensa wannan ba koyarwar Baftis ba ce, Kiristanci ne kawai.

Amma fa koyarwar Baftis ce, da 'yan'uwansu irinmu. Rick Warren faston Baftis ne, a makarantarsu ya yi karatu, majami'ar da ya kafa a Kalifoniya a 1980, wato Saddleback, ta daɗe cikin babbar ƙungiyar Baftis ta kudancin Amurka. Sai dai ko a sunan majami'ar babu kalmar Baftis, kuma a bangon kwafin da ke hannuna na duba gaba da baya ban ga kalmar ba. Ita kuwa maganar baftisma ba ƙaramar magana ba ce da za a wuce ta a shafi ɗaya kamar kowa ya yarda. Katolika suna koyar da cewa baftisma tana wanke zunubin asali, tana mai da mutum ɗan Allah, shi ya sa in jariri yana bakin mutuwa ba a jiran Fada, wanda ke kusa yana iya yi. Martin Luther, wanda ya ɓalle daga Paparoma, shi ma bai saki baftismar jarirai ba, ɗan littafin koyarwarsa na 1529 ya tsaya a kan cewa baftisma tana aikata gafara. Angilikan ma suna yi wa jarirai. Masu cewa sai mutum ya girma ya ba da gaskiya da bakinsa, su ne aka tsananta wa da farko. A birnin Zurik na ƙasar Suwizalan sun soma yi wa manya baftisma a 1525, a 1527 hukumar garin ta ɗaure ɗaya daga shugabanninsu, Felix Manz, ta jefa shi kogi ya mutu. Kuma ba Katolika suka jefa shi ba, 'yan'uwansa masu gyara ne. Ko a nan gida, mu muna nutsarwa sau ɗaya, 'yan EYN sau uku suke yi, fuska tana gaba. To abin da aka zubar da jini a kansa, aka kuma shafe shekara ɗari biyar ba a daidaita ba, shi ne za a miƙa wa tsohuwa a cokali a ce maganin kowa ne?

Kada a ji ni a karkace. Ban ce Warren ya yi ƙarya ba, a nawa imanin ma daidai ya faɗa. Ban kuma ce ya cire babin ba. Jimla ɗaya tak nake nema, wadda za ta ce: mu a ɗarikarmu haka muka fahimta, akwai Kiristoci masu yawa da suka fahimta dabam. Da akwai wannan jimla, da na juya wa Mama ita, da ta ce to, nasu ke nan, mu ci gaba. Rashinta ne ya sa maganar ta fito kamar daga bakin Allah kai tsaye. Littafin kuwa cike yake da ayoyi, shi da kansa ya ce sun kusa dubu, daga fassarori wajen goma sha biyar. Mai karatu irina da ya tsaya a sakandare, in ya ga aya a kowane layi, ina zai sami ƙarfin halin cewa wannan ra'ayin marubuci ne?

Abin dariya kuma abin tausayi, ita ɗarikar da ba a son ambata a bango ba ta barci. A 2023 ƙungiyar Baftis ɗin nan ta kori majami'ar Saddleback daga cikinta, don ta naɗa mata fastoci. Warren ya je taronsu ya roƙa, aka kaɗa ƙuri'a aka ƙi. Ka ga ashe a cikin gida kowa ya san nauyin koyarwa, har ana raba gari a kanta. Sai an fito kasuwa ne ake yi kamar babu ita.

Yanzu bari in kawo wani littafin da shi ma aka ce na kowa ne, don a ga bambanci. C. S. Lewis malamin jami'a ne a Ingila, ɗan Angilikan, ba limami ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1941 zuwa 1944, ya yi jawabai a rediyon BBC yana bayyana Kiristanci ga jama'a, daga baya aka tara su a littafi ɗaya a 1952, mai suna Mere Christianity, wato Kiristanci zalla. Mutumin nan tun a gabatarwa ya faɗi ɗarikarsa. Ya ce da gangan ya yi shiru a kan wasu abubuwa, har da maganar Maryamu, don ya san nan ne wuta ke tashi. Bai kuma yarda da kansa ba, sai ya aika wani sashe na rubutun ga limamai huɗu, na Angilikan, na Metodis, na Firesbiteriyan da na Katolika, su duba. Ya kuma gaya mana abin da suka ce: na Metodis ya ga bai yi maganar bangaskiya yadda ya kamata ba, na Katolika ya ga ya rage wa bayanan fansa daraja fiye da kima. Sannan ya yi wani kwatance da duk Bahaushe zai gane. Ya ce abin da yake bayarwa kamar zaure ne mai ƙofofi zuwa ɗakuna, a zaure ake jira, amma wuta da wurin zama da abinci a ɗaki suke. Ma'ana, kada ka mai da littafinsa ɗarika, ka nemi ɗaki ka shiga.

Wannan ita ce ladabin da nake nufi. Amma duk da haka, mai karatu, ka san me na tarar? A cikin littafin nan Lewis ya lissafa abubuwa uku da ya ce ta wurinsu ne sabon rai na Almasihu yake shiga mutum: baftisma, bangaskiya, da jibin Ubangiji. Ka ji fa. Ga littafi ɗaya na "kowa da kowa" ya ce baftisma alama ce kamar zobe, ga wani na "kowa da kowa" ya sa ta cikin hanyoyin da rai ke bi ya shiga. Da wannan na karanta wa Mama da ta gyaɗa kai, da kuma fastonmu ne ke zaune da shi zai ce tsaya, sake faɗa. Cikin limaman nan huɗu babu ɗan Baftis, babu ɗan Fentikos, dukansu huɗun daga majami'un da ke yi wa jarirai baftisma suka fito. Ashe shi ma zauren, maginin wani ɗaki ne ya gina shi, da ƙasar bayan ɗakinsu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Bambancin kawai, Lewis ya gaya maka sunan gidan nasu tun daga bakin ƙofa, in ka ji kukan ba za ka ruɗe ba.

To me ya sa wasu ba sa faɗa? A nan kam ba sai na tambayi kowa ba, don ni ma 'yar kasuwa ce. Da kuɗina nake buga littafi, in ɗauka in kai wa masu shago, in yi ta sintiri ina bin bashi. Na san duk kalmar da za ta rage mai saye ɗaya, gabana faɗuwa yake yi kafin in rubuta ta. To ina ga manyan kamfanoni? Zondervan da ya buga littafin Warren, tun 1988 yake ƙarƙashin HarperCollins, kamfanin da ke buga kowane irin littafi na duniya. In aka rubuta Baftis a bango, ɗan Katolika ya ajiye, in aka rubuta Katolika, mu mu ajiye. Sai a goge suna a bar koyarwa. Kamar mai sayar da yaji ne ya cire takardar da ke jikin kwalba, don kada mai gyambon ciki ya ƙi saye.

Inda abin ya fi damuna shi ne a ƙagaggen labari, don nan ne gonata. A wa'azi ko littafin nasiha, mutum yana iya tsayawa ya ce ban yarda ba. A labari kuwa ba ka gardama, kuka kake yi, zuciyarka tana dukan uku-uku, koyarwa ta shige ba sallama. Ku dubi jerin littattafan nan na Left Behind, wato waɗanda aka bari a baya, na Tim LaHaye da Jerry Jenkins, na farkonsu ya fito a 1995, suka kai goma sha shida. Labarin ya soma a cikin jirgin sama, ana cikin tafiya sai wasu fasinjoji suka ɓace, tufafinsu kawai aka gani a kan kujeru. Fyaucewa ke nan. Na karanta na farkon a kwana biyu, na ƙona miya saboda shi, kuma na yi mako ina leƙa ɗakin yara cikin dare in ga ko suna nan. Iya ba da labari kam sun iya.

Sai daga baya na gane cewa wannan tsari, wai za a ɗauke masu bi a asirce tukuna, sannan a yi shekara bakwai na ƙunci, sannan Almasihu ya dawo a bayyane, ba duk Kirista ne ya yarda da shi ba. Wani mai wa'azi ne, John Nelson Darby, ya tsara shi ya yaɗa wajen shekarun 1830, sannan wani bugu na Littafi Mai Tsarki mai sharhi a gefe, na Scofield, wanda ya fito a 1909, ya kai shi gida-gida a Amurka. Katolika ba sa koyar da shi, Lutaran ba sa koyarwa, haka da yawa cikin Angilikan da Firesbiteriyan. Duka sun yarda Almasihu zai dawo, amma ba da wannan jadawalin ba. A cikin labarin kuwa babu wannan zance, abin yana faruwa ne kawai a gaban idonka, kuma duk wanda bai yarda ba a labarin, to ko wawa ne ko mugu. Har ma an nuna Paparoma yana cikin waɗanda aka fyauce, amma an bi an gaya mana cewa shi ɗin ya karkata ne ga koyarwa irin ta Luther. Wanda ya gaje shi kuma, wani babban limamin Katolika, shi aka mai da shugaban addinin ƙarya na duniya. Haba jama'a! A ce wannan littafin kowane Kirista ne? Ƙanwar maigidana ta karanta shi tana 'yar sakandare, ta zo tana tambayar uwarta ko za a bar ta a baya saboda carbi.

Gara mini John Bunyan. Shi da ya fitar da The Pilgrim's Progress a 1678, bayan ya sha ɗauri na shekara goma sha biyu saboda wa'azi ba da izinin hukuma ba, da ya zo zagin Paparoma bai yi kwana-kwana ba, ya zana shi tsohon ƙato a bakin kogo, gaɓoɓi sun sandare, yana cizon farce don ya kasa kama matafiya. Ban ce ya kyauta ba. Amma wanda ya zage ka a fuska ya fi wanda ya rungume ka yana lalube aljihunka.

Wata ƙawata da muka yi wannan hira ta ce, to ai sai a cire koyarwa gaba ɗaya, a bar ƙarfafawa zalla, kowa ya huta. Na ce mata an gwada, kuma kasuwa cike take da irinsu. Kakansu shi ne littafin Norman Vincent Peale na 1952 a kan ƙarfin kyakkyawan tunani, jikokinsa kuwa ba sa ƙirguwa. Allah yana ƙaunarka, ka yi murmushi, ka faɗi alheri da bakinka, gobe taka ce. Babu zunubi, babu tuba, gicciye ma sai a hoto. Shayi ne ba ganye ba sukari, ruwan zafi kawai. Kuma wa ya ce wannan ba koyarwa ba ce? Koyarwa ce mai zaman kanta, wadda ƙarshenta shi ne duk wanda ke cikin wahala, to tunaninsa ne bai gyaru ba. Je ki karanta wa matar da ta binne ɗan wata bakwai wannan, ki ga ko za ta gode miki. Abin da ya riƙe Mama shekara arba'in ba murmushi ba ne, koyarwa ce takamaimiya, mai suna, mai ɗarika, wadda ni ban ma yarda da ita duka ba. Mutum in dare ya yi masa ba ya kwana a zaure.

Bayan abin nan ya faru sai na koma kan wani labari da nake rubutawa a lokacin. Akwai wurin da yarinyar labarin, bayan ta sha wuya a gidan miji, ta tuba aka kai ta rafi aka yi mata baftisma. Ban ambaci sunan majami'a ba ko sau ɗaya, da gangan, don in sayar wa kowa. Da na sake karantawa sai na ga abin da hannuna ya rubuta: wai a ranar ce aka yi mata baftisma "ta gaskiya", ba irin yayyafin da aka yi mata tana jaririya ba. Tabɗi! Ni da nake ganin laifin Bature, ga shi na fi shi. Shi ko zobe ya ce, ni kuwa na ce ta banza ce ɗungurungum, kuma na sa maganar a bakin mai ba da labari, ba a bakin wani cikin 'yan wasan ba, yadda babu mai iya musa mini.

Ban cire rafin ba, don abin da na sani ke nan, shi zan iya zanawa har mai karatu ya ji sanyin ruwan. Sai dai na faɗi sunan majami'ar a fili. Kalmar nan "ta gaskiya" na ɗauke ta daga bakina na sa a bakin wata dattijuwar zumuntar mata, wadda dama an san ta da kaifin harshe. Na kuma ƙaro wata ma'aikaciyar jinya 'yar Katolika, wadda ita ce ta ɓoye yarinyar a ɗakinta daren da ta gudo, ta zo bakin rafin ta tsaya daga nesa riƙe da tawul, ba ta yarda da abin da ake yi ba, ba ta kuma tafi ba. A shafin farko kuma, ƙasan godiya, na rubuta cewa marubuciyar 'yar ECWA ce, abin da aka gani na ibada a ciki yadda ta tashi ta gani ne.

Da na kai wa mai shagon da ya fi ɗaukar littattafaina, ya buɗe shafin farko, ya karanta, ya dube ni ya ce, "Madam, wannan layin na mene ne? Kin kori rabin kasuwa da hannunki." Da ɗari biyu yake ɗauka, ran nan tamanin ya ƙirga, ya ce in sun ƙare zai aiko. Sauran suna nan a ƙarƙashin gado cikin kwali, ina ta fama da gara.

Mama kuwa ba ta sake ta da maganar yaron ba, ni ma ban tayar ba. Sai bayan Ista da kamar wata guda, muna tsakar gida ina wanke tukunyar tuwo, ta ce, "'Yar nan, littafin nan naki yana nan?" Na ce yana nan, Mama. Ta ce, "In kin gama, ɗauko ki sake karanta mini wajen mai wanke-wanken nan. Wajen kawai."